Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

A tashar Maraɗi aka fara cutata, tun ban yi nisan da zan ce na bar gida ba. Wani dogon mutum mai jar hula ya karɓe jakata kafin in gama saukowa daga motar Jibiya, ya ce mani, "Abijan? Ai ka zo a daidai, Alhaji. Mota ɗaya ce har bakin teku, ba sauka ba canji." Ni da ko Jidda ban taɓa gani ba ya mai da ni Alhaji, ni kuma don wauta na ji daɗi, na biya. Motar nan a Yamai ta juye mu kamar buhunan albasa. Direba ya ce shi nan ce iyakarshi, mai jar hula kuwa bai san shi ba, bai ma taɓa jin labarinshi ba.

Na zauna kan wani benci, samirar Inna a cinyata ɗaure cikin tsohon ɗankwali, ina zagin kaina ciki-ciki. Ba neman kuɗi ya fitar da ni daga Katsina ba. Ina da ɗan aikina a sakatariyar Batagarawa, ina da mata da 'ya'ya biyu a Ƙofar 'Yandaka, ban rasa tuwo ba. Babur ɗina na sayar na yi guzuri, don in je in zo da yayana Lawal, wanda ya bar gida shekara ashirin da biyu, kafin mahaifiyarmu ta cika.

Ƙafafun Inna sun kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Likita ya ja ni gefe ya ce mu kai ta gida, mu riƙa ba ta abin da ranta ke so. Na gane abin da yake nufi. Da muka koma na durƙusa gabanta na ce, "Inna, mi kike so a kawo maki?" Na zaci za ta ce fura ko farfesu. Ta kau da kai wajen bango ta ce, "Ka je ka zo mani da wancan."

Wancan shi ne Yaya Lawal. Ɗan farinta ne, ita kuma irin matan da ce na cikin birni, masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunanshi ba. Ana yaye shi kakarmu ta wajen uba ta ɗauke shi, ita ta raine shi. Ko mai ruwan unguwarmu da ake kira Lawal, Inna "mai baro" take ce mashi. Da kaka ta rasu Yaya ya dawo gidanmu yana saurayi, sai ya zamana in ya shigo tsakar gida ita ta shige ɗaki. In ya gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu. Abincinshi kullum da ɗumi, kullum da nama fiye da na kowa, amma ni ko yayata Binta ake ba mu kai mashi zaure. Mata suna yaba ta, wai Rabi akwai kunya. Ba wanda ya taɓa tambayar shi Lawal ɗin yadda abin ke yi mashi.

Shekarar da Baba ya rasu Yaya ya kwanta zazzaɓi mai tsanani, kusan wata guda. Inna ba ta leƙa ɗakin ba ko sau ɗaya. Ni dai na san inda take yini: bayan tagar ɗakin, ta shimfiɗa tabarma wai tana tsince shinkafa, shinkafa ɗaya tun safe har la'asar. Shi bai gani ba. Yana warkewa ya tattara kayan gyaran keken ɗinki da ya gada wajen Baba ya fita, ko sallama babu. Sai shekaru biyu kafin ciwon Inna wani falken goro ya ce ya gan shi a Abijan, a kasuwar Ajame, yana gyaran keke. Wannan kaɗai na riƙe na kamo hanya.

Kafin in taso na yi wata dabara da nake ganin wayo ce. Na kunna wayata na ce, "Inna, yi mashi magana in kai mashi muryarki. Ki kira sunanshi sau ɗaya kawai." Binta ta zare mani ido. Inna ta ja mayafi ta rufe baki. Can ta ce, "A gaya wa wancan ina gaishe shi. In shina da hali ya zo." Na ce, "Inna, sunan fa?" Ta ce, "Kai ba ka da kunya, Nasiru." Na kashe waya. A raina na ce murya ma ta isa, wane ɗa ne zai ji muryar uwarshi bayan shekara ashirin da biyu bai narke ba?

Sai ta sa Binta ta jiƙa shinkafa, aka daka, aka soya, tana daga kwance tana faɗin yawan zuma da barkono da man shanu. Nakiya ce, abin da Yaya ya fi so a duniya. Matar da ba ta taɓa tambayar shi mi yake so ba, ita ce ta san har yadda yake son yajin ya fito.

Daga Yamai na sake sayen wani tikitin zuwa Wagadugu. A iyakar Burkina aka sauke mu duka, aka jera mu a rana. Wani jandarma, irin 'yan sandan can, ya karɓi katin allurata ya juya shi gaba da baya, ya ce hatimin ya kwaile. Hatimin nan ko makaho ya shafa zai ji shi. Na fara yi mashi bayani da Turanci, ya amsa mani da Faransanci, muka tsaya muna kallon juna kamar raƙumi da akuya. Wani Bazabarme da ke bayana ya raɗa mani da Hausa, "Malam, ba bayani yake so ba." Na ba da abin da ake so, hatimi ya warke nan take.

Wannan bai ƙona mani rai ba kamar na kwastan. Wani ɗan kwastan ya nuna samira da sanda, na kwance ɗankwalin. Ya sa wani tsinken ƙarfe ya caccaka nakiyar Inna, wai yana neman ƙwaya. Bai sami komai ba, sai ya gutsura ya kai baki. Ya lumshe ido, ya kira abokan aikinshi biyu. Ina tsaye, wallahi ina ji ina gani, suka cinye kusan rabi suna lashe yatsu, ɗaya har yana ɗaga mani babban yatsa. Na tuna hannun Binta da ya yi kanta wajen daka, na tuna Inna tana ɗanɗanawa da bakin cokali tana cewa a ƙara zuma. Da ina da ƙarfin faɗa a ƙasar mutane da na yi. Na ɗaure abin da ya rage na koma mota idona na zafi.

A Wagadugu motar Abijan ta ƙi cika, muka yi kwana biyu a tasha. Nan zawo ya kama ni, ban san ko ruwa ne ko wani wake da na saya ba. Na kwanta gindin wata bishiya, jaka a matsayin matashi, samira a ƙirji. Wata tsohuwa mai sayar da kunu ta daɗe tana kallona. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata yaren. Ta zo ta taɓa goshina da bayan hannu, ta tafi ta dawo da wani ruwan ganye mai ɗaci da kunu mai zafi, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Na miƙa mata kuɗi ta ture hannuna tana faɗa. Abin da ya tsaya mani a rai ba kunun ba ne, hannun nan ne a goshina. Matar da ba ta san ni ba ta yi mani a minti ɗaya abin da Yaya ya yi wata guda yana jira daga uwarshi. Ranar na fara jin tsoron cewa muryar da ke cikin wayata ba za ta isa ba.

Na kira gida. Binta ta ce jikin da sauƙi, amma yadda ta faɗi sauƙin ban yarda da shi ba. Ta ce duk sallamar da aka yi a zaure sai Inna ta ɗaga kai.

Bobo, iyaka ta uku, Buwake, duk na wuce su a galabaice. Shingen jandarma ban san iyakarsu ba, kowanne da irin nashi ciwon hatimin. Ƙasa ta canza, jar ƙasa da dogayen itatuwa, iska mai nauyi kamar an jiƙa bargo. Na yi kewar abubuwan da ban taɓa sanin ina so ba. Har hayaniyar 'yan acaɓa a bakin Ƙofar 'Yandaka, wadda kullum nake tsine wa, sai da na yi marmarinta.

Ajame ba kasuwa ba ce, gari ce. Na tsaya a tasha da jakata, mutane na bangaje ni ta ko'ina. Nan wani mai suna Isuhu ya same ni. Ya ji ina tambayar wani mai shayi da Hausa, ya matso da fara'a har kunne. "Lawal Bakatsine mai gyaran keke? Haba! Ai abokina ne, jiya ma tare muka ci abinci." Na rungume shi, Allah ya gani har da hawaye. Kwana uku Isuhu yana yawo da ni. Yau Lawal ya tafi wata unguwa aiki, mu hau mota mu bi shi. Gobe mun yi saɓani, yanzun nan ya tashi. Duk inda muka tsaya Isuhu na jin yunwa, kuma ba ya cin abinci sai da kifi. A rana ta uku ya kai ni gaban wani mutum mai gyaran keken hawa, baƙi gajere, ɗan Damagaram, ya ce, "Ga Lawal ɗinka." Na ce, "Wannan ne Bakatsinen?" Ya ce, "To ai duk Hausa ne." Kafin in gama haɗiye maganar ya shige cikin mutane, da cajar wayata a aljihunshi.

Wanda bai san yarenka ba in ya cuce ka, da sauƙi. Amma wanda ya cuce ka da Hausa, yana ce maka ɗan'uwa, wannan ciwon daban ne. Har yau in na tuna Isuhu sai na yi tsaki.

A masallacin Hausawa na unguwar na faɗa hannun Malam Na-Allah, wani tsohon tela Bagobiri da ya shekara arba'in a can. Ya ji labarina bai katse ni ba, sannan ya ce, "Kai ɗan boko ne ko? Shi ya sa. Kana neman mai gyaran keke kana tambayar masu shayi. Teloli za ka tambaya. Mai gyara ba shi da shago, keke ne ke kiran shi." Ya ba ni wuri a shagonshi tsakanin buhunan ƙyalle, ya rubuta mani tambayar da Faransanci a bayan wani kwali: wa ke gyara maku keke?

Kwana shida ina bin layin teloli da kwalin nan. Wasu su kore ni, wasu su yi dariya, wasu su kwatanta mani wani Bayarabe. A rana ta shida wata mata mai shagon ɗinkin mata ta karanta, ta ce, "Lawali?" ta kwaikwayi mutum yana kara kunne jikin keke. Haka Baba yake yi, ba ya kwance keke sai ya saurare shi tukuna, ya ce keke da bakinshi yake faɗin ciwonshi. Matar ta kira lamba, ta nuna mani benci.

Bayan kamar awa ɗaya wani mutum ya shigo da jakar fata a kafaɗa, furfura ta cinye mashi gemu. Da a hanya muka haɗu da na wuce shi. Ya gaisa da matar da Faransanci, ya durƙusa ya taka keken ya kara kunne. Na ce, "Yaya." Bai juyo ba. Na ce, "Yaya Lawal, Nasiru ne." Ƙafarshi ta tsaya a kan feda. Sannan ya ce, da Katsinancinshi da ko gezau bai yi ba, "Wa ya rasu?"

Na ce ba kowa tukuna.

Ya kai ni gidanshi, ɗaki biyu a wani lungu da ruwa ke kwanciya. Matarshi Awa, 'yar ƙabilar Jula ce ta can, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, amma ta karɓe ni kamar ta shekara tana jirana. Ta dafa mani ruwan wanka, ta kawo garin rogo da soyayyen kifi. 'Yarsu ɗaya, budurwa 'yar shekara goma sha huɗu, Yaya na kiranta Ummi. Da ta shigo ta durƙusa sai da na kau da kai, don goshin Inna ne da idanun Inna aka ɗora wa yarinyar.

Bayan mun ci abinci na kwance ɗankwalin na tura mashi samira. Ya dube ta, bai taɓa ba. Farar samira ce mai jan baki, gefe ɗaya ya ɗan fashe. Ni na manta, shi bai manta ba: ita ce wadda ake zuba mashi abinci mu kai mashi zaure.

Ya ce, "Har yanzu aike take yi."

Na ce, "Yaya, ba ta iya tashi. Da kanta ta tsaya aka yi maka, tana kwance." Na gaya mashi maganar likita. Na gaya mashi tabarmar bayan taga da shinkafar da ba ta ƙarewa. Ya saurara yana murza wani ɗan sukurudireba a hannu. Sai na ciro makamina na ƙarshe, na kunna mashi muryar. A gaya wa wancan ina gaishe shi. In shina da hali ya zo.

Ya ce in sake kunnawa. Na sake. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai ya yi wata dariya marar daɗi.

"Wancan," ya ce. "Ka ƙetare ƙasa uku, Nasiru, ka kawo mani wancan. Shekarata arba'in da huɗu. Kare ma in ya daɗe a gida ana sa mashi suna."

"Kunya ce, Yaya, ka sani. Ba ƙi ba ne."

"Na sani. Kowa ya gaya mani. Ina kwance ina jin kamar raina zai fita, ina jin tarinta a bayan taga, kana tsammani ban ji ba? Taku biyar ne tsakaninmu. Kunyar mutanen unguwa ta fi mata ni." Ya ajiye sukurudireban. "Kira ta. Ta faɗi sunana sau ɗaya, da bakinta, in ji da kunnena. Wallahi gobe in bi ka."

Na kira Binta, na ce ta kara wa Inna waya. Na buɗe murya kowa na ji. Inna ta ce, "Nasiru? Kun yini lahiya? Ya mutanen gidan?" Yaya ya matso. Ya ce, "Inna, ni ne." Can ta ce, "To. Madalla. Allah shi yi albarka." Ya ce, "Inna, wa ke magana?" Ina jin Binta daga can tana cewa, "Inna, ki faɗa mana, don Allah ki faɗa," da muryoyin wasu mata 'yan dubiya a ɗakin. Inna ta ce, "Na gane mai magana."

Yaya ya miƙo mani wayar ya fita.

Kwana huɗu na ƙara ina lallashi. A rana ta uku ina zaune Ummi na aikin makaranta a gefena, idona ya faɗa kan bangon littafinta. Da manyan baƙaƙe an rubuta Rabi'atu Lawal. Sunan Inna ne. Na san mai sunan uwa ake ce wa Ummi, amma kaina ya yi zafi har ban kawo ba sai da na gani a rubuce. Yaya na dawowa na tare shi a ƙofa, ko jaka bai ajiye ba.

"Mi sunan ɗiyarka?"

"Ummi."

"Sunanta na yanka nake tambaya. Faɗa mani."

Ya kau da kai, ya gyara jakar a kafaɗa.

"Ba ka iya faɗa! Shekara goma sha huɗu ba ka taɓa kiran ɗiyarka da sunanta ba, don sunan Inna ne, bakinka ba ya iya ɗauka. Kai naka girmamawa ne, nata ne ƙiyayya? Jininku ɗaya, taurin kanku ɗaya, ni kuka sa a tsakiya kamar jakin kowa!" Ban taɓa ɗaga mashi murya ba sai ranar, har Awa ta leƙo.

Bai yi fushi ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi. Ya ce, "Ba na faɗin sunanta, gaskiya ne. Amma in tana zazzaɓi ni ke zama a kanta. Tambaye ta." Ya wuce ciki.

Ran da zan taso Awa ta ba ni turmin atamfa in kai wa Inna, Ummi ta ba ni hotonta. Yaya ya raka ni tasha, ya saya mani tikiti a hannun wanda ya sani, ya rubuta mani lambarshi, ni ma na rubuta mashi tawa. Ya ce, "Maganata na nan. Ko yaushe ta faɗa." Samirar bai maido mani ba. Da safen nan na hange shi ta labule, ya juya baya, yana kankare gindinta da yatsa yana kai wa baki.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Jandarmomin nan dai suna nan, sai dai yanzu ba ni da nakiyar da za a ci. Na sauka Katsina da hantsi, na shiga lungunmu da jaka ɗaya. Na yi sallama a zaure, na ji Binta na cewa, "Inna, ga su nan!" Su. Na shiga ni kaɗai. Inna ta dubi bayana, ta daɗe tana duban labule, sannan ta ce, "Sannu da hanya. An ba ka ruwa?"

Ta rame har na tsorata. Da 'yan dubiya suka watse na ba ta atamfar, na ba ta hoton. Ta kai shi kusa da ido.

"Ta wancan ce?"

"Tashi ce. Ita kaɗai gare shi."

"Mi sunanta?"

"Ummi yake ce mata."

Ba sai na ƙara komai ba. Ta kifa hoton a ƙirji, ta ja mayafi ta rufe fuska duka. Mayafin na rawa. Ni da Binta muka fita muka bar ta.

Washegari bayan azahar ta ce Binta ta je gidan maƙwabta ta karɓo mata wani abu da na san ba ta buƙata. Da muka rage mu biyu ta ce, "Kira mani shi." Na danna lambar. Sai muryar matar nan ta na'ura ta fito da Faransanci, wadda na sha ji a Abijan, mai cewa layin ba ya shiga. Inna ta ce, "Wace ce? Matar tashi ce?"

Nan na yi kuskuren da zan mutu da shi. Na ga ta tattaro duk ƙarfin da ya rage mata, na ji tsoron in na ce bai shiga ba, ba za ta sake tattaro shi ba. Na ce a raina bari ta saba da faɗa, in ya so anjima in sake kira. Na ce, "I, ita ce. Za ta ba shi." Ko naɗar murya ban tuna na kunna ba, ni mai wayo.

Ta karɓi wayar da hannu biyu ta ce, "Fita."

Na fita na tsaya bayan taga. Na ji ta gyara murya. Na ji ta yi bisimilla.

"Lawal."

A hankali ta faɗa, kamar mai taka ƙasa bayan doguwar jinya. Sai ta sake, da ɗan ƙarfi. "Muhammadu Lawal. Ni ce. Ka ci nakiyar?" Ta jira. "Lawal, ka zo gida."

Ta jira har na kasa tsayuwa na shiga. Wayar ta daɗe da mutuwa a hannunta. Ta miƙo mani ta ce, "Bai amsa ba."

Na durƙusa na gaya mata gaskiya, na ce layin ne bai shiga ba, na'ura ce ta yi magana, ƙarya na yi mata. Na rantse. Ta shafa kaina ta ce, "Kai dai ɗan kirki ne, Nasiru. Bar rufa mashi. Fushi ne, kuma shina da gaskiya." Na yi ta kiran lambar nan kwana huɗu, safe da rana, matar nan ta na'ura na ba ni amsa ɗaya. A rana ta biyar, da walaha, Inna ta cika. Hoton Ummi na ƙarƙashin matashinta.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai wata baƙuwar lamba ta kira ni. Yaya ne, da wayar Awa. Tashi an fizge ta a motar haya tun washegarin tafiyata, sai ranar ya tono lambata a cikin jakar aiki. Na gaya mashi. Ya yi innalillahi, ya yi ta maimaitawa. Sannan ya tambayi abin da na san zai tambaya.

"Ta faɗa?"

"Ta faɗa, Yaya. Sau uku. Har da Muhammadu. Ta ce ka ci nakiyar? Ta ce ka zo gida."

Na ji ya ja numfashi mai tsawo.

"Ƙarya kake, Nasiru," ya ce, a hankali, ba da faɗa ba. "Amma na gode. Allah shi jiƙanta."

Ya kashe.

Yanzu motar haya nake bi zuwa Batagarawa, tunda babur ya tafi. Abokan aiki na tsokanata, wai Alhajin Abijan, mi ka kawo mana? Sai in yi murmushi in ce hanya ba kyau. Na tafi ƙasa uku don in ɗauko wa uwata ɗanta, na dawo na tsaya a bayan taga kamar yadda ta tsaya. Shekara arba'in da huɗu mutum na jiran kalma ɗaya, aka faɗe ta a ɗakin Inna, a Ƙofar 'Yandaka, da rana tsaka. Ni kaɗai na ji, kuma ba sunana ba ne.